Yadda Daso Mai Tuwo Ta Rama

Duk ɗalibin Arewa da ya yi karatu a Kuala Lumpur a 'yan shekarun nan ya san wata siririyar matattakala a bayan kasuwar Chow Kit, tsakanin masu kifi da shagon gyaran waya. In ka hau bene na farko, ƙamshin daddawa zai tare ka tun ba ka ga ƙofa ba. Nan Daso take da kedai, kamar yadda 'yan ƙasar ke kiran shago. Tebur shida ne, da fanka biyu. Ni Hureira, shekara huɗu na yi ina cin tuwonta lokacin da nake digiri na uku, kuma a gabana aka yi yawancin abin da zan faɗa.

Daso 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Malumfashi. Bahaushiya ce gaba da baya, kuma Kirista. Haka aka haife ta, haka aka haifi uwarta. Sunanta na yanka Saratu, amma da yake a tsakiyar dashen dawa ta zo duniya, Daso ya bi ta har girma. Mijinta Ishaya ne ya fara zuwa, yana tura kayan gyaran mota zuwa Kano, ta biyo shi daga baya. Shekara biyar da zuwanta ciwon hanta ya kashe shi, aka binne shi a maƙabartar Kirista da ke Cheras. Dangi suka ce ta dawo gida. Ta ce wa za ta bar wa kabarin? Sai ta ɗaura zani ta kama girki.

Ba ta taɓa ɓoye addininta ba, ba ta kuma taɓa tallarsa ba. Nama a wurin mahautan Musulmi take saye. Ran Lahadi ƙofarta a rufe take. Da azumi kuwa ita ce mai kunun tsamiya da ƙosai, tun la'asar ake layin tapau, wato a ƙulle maka ka tafi da shi. Mu duka Iya muke kiranta.

Abu ɗaya ne a shagon yake nuna ko ita wace ce. A bangon da ke kallon ƙofa akwai wani ƙyalle da bai fi sallaya girma ba, wanda mahaifiyarta ta yi wa ado da zaren ulu tun Daso tana goye. Hoton Yesu ne a matsayin makiyayi. Da yake tsohuwar ba ta taɓa ganin wani makiyayi ba sai na ƙauyensu, sai ta yi shi baƙi, siriri, da malafa a ka da sanda a hannu, ɗauke da ɗan rago mai dogayen kunnuwa a wuya. Shi kaɗai Daso ta gada daga uwarta.

Na sha zama a kusurwa ina kallon yadda mutane suke yi da ƙyallen nan. A cikinmu ɗalibai, akwai wanda in ya ji ko wane ne sai ya ce, "Annabi Isa, alaihissalam," ya ci gaba da cin tuwonsa. Akwai wanda yake juya kujera ya ba shi baya, ba don ƙi ba, sai don a wurinmu ba a zana annabi. Ni ma a farko haka nake yi. 'Yan kasuwa Ibo da ke zuwa cin farfesu sun fi kowa gardama a kansa. Wani ya ce bai yi kama da Yesu ba ko kaɗan, ya kawo mata kalanda mai Bature mai dogon gashi, ta karɓa ta yi godiya ta shimfiɗa a ƙasan akwatin albasa. Wani ɗan Tamil mai kawo mata tukunyar gas, duk da addinin Hindu yake bi, ba ya fita sai ya haɗa tafukansa ya ɗan rusuna wa ƙyallen, har furanni ya taɓa rataya masa. Mai gidan, wani tsoho ɗan asalin Sin da ake kira Mista Loh, tambaya ɗaya ya yi: yana kawo ciniki? Da ta ce ba aikinsa ke nan ba, ya girgiza kai ya ce to ai kuwa ya tare wuri mai kyau.

Kak Zaiton kuwa, 'yar Malay mai sayar da ganye a ƙasan benen, ita ce babbar ƙawarta. In sun zauna, sai ta yi ta ba Daso labarin Nana Maryam da haihuwar Annabi Isa har idonta ya kawo ruwa, amma ko sau ɗaya ba ta ɗaga kai ta dubi bangon ba. Daso ba ta taɓa cewa ta duba ba.

Abdulwahidu ya zo bayana da shekara ɗaya. Malamin wata kwaleji ne a gida, ya samu tallafin gwamnati ya zo digiri na uku a fannin tattalin arziki. Mutum ne mai baki, mai son a san da shi, kafin shekara ta zagayo ya zama shugaban ƙungiyarmu ta ɗalibai. Watanninsa na farko, kafin iyalinsa su iso, kusan a shagon Daso ya yi su. Da zazzabin dengi ya kwantar da shi, ita ta riƙa hawa jirgin ƙasa har Pantai Dalam, unguwar da yake zaune, da kular kunu. "Iya, ke uwa ce," haka yake ce mata a gaban kowa.

Da matarsa Walida ta iso, sai ta fara yin tuwon sayarwa daga gida. Babu wanda ya ga laifinta, Daso da kanta ta nuna mata inda ake samun garin semo da busasshiyar kuɓewa da arha. Sai dai hannu ya bambanta. Ɗalibai suka gwammace su sha tafiya zuwa Chow Kit da su sayi na maƙwabciyarsu.

Wata Asabar Abdulwahidu ya zo da 'yarsa mai shekara biyar. Yarinyar ta tsaya gaban ƙyallen ta tambaya da Turanci ko wane ne wannan mai rago. Daso tana tuƙa tuwo ta ce, "Yesu ne, 'yar nan. Makiyayi ne." Iyakar maganar ke nan, ina wurin. Uban ma dariya ya yi.

Bayan kwana uku saƙo ya fito a zaurenmu na waya. Abdulwahidu ya rubuta cewa akwai wata mata a Chow Kit da ke fakewa da abinci tana cusa wa 'ya'yan Musulmi addininta, kuma babu wanda ya san abin da take zubawa a tukunya. Bai kira suna ba, amma mai tuwo nawa ne a Chow Kit? Zaure ya kama da wuta. Wasu suka ce ƙarya ce, wasu suka ce daman sun daɗe suna zargi. Yawanci suka yi shiru, kuma ina cikin masu shirun. Har yau abin yana cina.

Bai tsaya nan ba. A ƙasar nan yi wa Musulmi wa'azin wani addini ba ƙaramin zargi ba ne, kuma ya sani. Ranar Alhamis da hantsi sai ga shi ya hawo bene da jami'ai uku na hukumar addini. Mutanen ba su yi mata tsawa ba, tambayoyi suka yi cikin ladabi, suka leƙa kicin, suka duba firji. Abdulwahidu ne ya yi ta zuba, yana nuna bango. Da ɗaya daga cikinsu ya ce za su tafi da ƙyallen su duba, Daso ta juya za ta ɗauko kujera ta cire ƙusoshin a hankali. Kafin ta dawo Abdulwahidu ya kai hannu ya fizge shi. Ƙyallen ya fi shekara hamsin a duniya. Sai ji muka yi ƙeee, ya rabe tun daga malafa har ƙasa.

Daso ba ta yi kuka ba. Ta ajiye kujerar, ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Abdulwahidu, ka sha kununa."

"Gaskiya ba ta san kunu ba, Iya," in ji shi.

"To. Allah ya ba mu rai da lafiya."

Binciken bai gano wa'azi ba, bai gano naman da ba halal ba. Bayan wata biyu aka mayar mata da ƙyallen cikin leda, gida biyu. Amma garin dube-dube an ga cewa takardar izinin shagon da sunan marigayi mijinta take, tun lokacin da yake ajiye kayan mota a wurin, ba a sabunta ba, sai aka rufe wurin. Mista Loh, da ba ya son abin da zai haɗa shi da hukuma, ya ba ta wata ɗaya ta kwashe.

A cikin watan nan ne baƙi suka yi ta hawa benen, kowa da abin da ya zo da shi. Fasto Obinna, na cocin da take zuwa, ya zo da wani mai kyamara. Ya ce za a ɗauke ta tana riƙe da yagaggen ƙyallen a aika wa duniya, a ga yadda ake tsananta wa masu bin Yesu. Ta ce masa, "Fasto, shekara goma sha biyu Musulmi ne suke cin tuwona, su suka ɗauki gawar mijina daga asibiti ran da 'yan coci suke cewa ni Bahaushiya ce, a yi hankali da ni. Mutum ɗaya ne ya cuce ni, kuma na san sunansa." Da ya ga ba za ta yarda ba, sai ya koma yi mata wa'azin gafara, ya ce Ubangijinsu ya yafe wa waɗanda suka gicciye shi.

"Shi Yesu ne," ta ce. "Ni Daso ce."

Malam Kalilu ma ya zo, dattijon da ke jan mu salla in an taru. Ya zauna ya sunkuyar da kai, ya ce duk wanda ba ya ƙaunar Annabi Isa ba Musulmi ba ne, kuma abin da aka yi mata zalunci ne ko a wane littafi. Ya ce ya tsawata wa Abdulwahidu. Ta tambaye shi ko ya faɗi haka a zauren da aka ɓata ta. Ya ce ana gudun fitina. Ta zuba masa zoɓo, ta raka shi har bakin matattakala.

Ni da Kak Zaiton muka taya ta haɗa kaya. A ƙarƙashin teburin ƙarshe muka jawo wani kwali da ƙura ta rufe. Daso ta ce na Adnan ne. Wani ɗan Najeriya ne da ya daɗe yana zama a teburin nan da kwamfutarsa, kowa ya san sana'arsa rubuta wa malalatan ɗalibai aikin bincike. Da takardunsa na zama suka ƙare ya tafi cikin gaggawa, ya bar mata ajiya bai dawo ba. Ta ce in duba ko akwai abin amfani kafin a zubar.

Takardu ne dam. Can ƙasa na ci karo da babi huɗu na wani kundi, da sunan Abdulwahidu a shafin farko. A gefen shafukan ga rubutun hannunsa, wanda na sani sarai daga takardun ƙungiya: a nan ka ƙara min shafi goma, malamina ya ce a sake wannan, ka ƙirƙiro alƙaluman Katsina tunda ban je ba. Har da saƙonnin da suka yi wa juna, Adnan ya buga ya ajiye, wataƙila don tsaron kansa.

Na so in mayar in yi shiru, amma fuskata ta tona ni.

"Me kika gani, Hureira?"

"Ba komai, Iya."

"'Yar nan, na yi makarantar mishan har aji shida. In ba ki karanta min ba, zan zauna in haɗa baƙi da kaina ko zai kai ni damina."

Na karanta mata. Ta sa na maimaita wurin alƙaluman Katsina. Sai ta ɗauko tsumma ta goge kwalin tas, ta ɗaure shi da igiya, ta ce wa mai ɗaukar kaya wannan a cinyarta zai tafi.

Na zaci washegari za ta kai. Ba ta kai ba. Ta kama ɗaki a wani dogon bene a Cheras, ta ci gaba da girki daga gida, ana zuwa karɓa. Rabin masu sayenta sun ɗauke ƙafa. Duk lokacin da na je, tambaya ɗaya take min: "Ina aka kwana a karatun shugabanku?" Na ce ya miƙa kundi. Ta ce madalla. Bayan wata uku na ce ya kare aikinsa a gaban malamai, ya ci. Ta ce Allah ya sa alheri. Ya yanka rago, aka fara kiransa Dakta, har ya sauya sunansa a zaure. Kwalin dai yana nan a ɗaure.

Wata rana na ce mata, "Iya, ko kin haƙura ne?"

Tana tsince shinkafa ta ce, "Wanda ya faɗo daga kan turmi karkaɗe riga yake yi ya tashi. Ina jira ya hau rimi."

Sai da aka sa ranar bikin yaye ɗalibai, ya aika wa mahaifinsa da yayyensa biyu tikitin jirgi, ya ɗinka babbar riga, sannan ta motsa. Saura mako uku. Ta kira ni ta ce in rubuta mata wasiƙa da Turanci. Na ce ina jin tsoro, ƙungiya ɗaya muke, kuma akwai Walida da yara.

"Ran da ya hawo benena da hukuma, ya tuna ina da wani a ƙasar nan ban da kabari?" ta ce. "Bar shi, ba zan sa ki a ciki ba."

'Yar Kak Zaiton ce ta rubuta mata, da harshen Malay. Ranar Litinin da safe Daso ta ɗaura atamfarta ta zuwa coci, ta ɗora kwalin a ka kamar mai zuwa kasuwar ƙauye, ta shiga jirgi har jami'a. Ba ta aika a ɓoye ba. Ta sa sunanta da lambar wayarta a ƙasan wasiƙar, ta ce wa matar da ta karɓa, in sun kira shi su gaya masa Daso mai tuwo ce ta kawo.

Cikin kwana goma aka cire sunansa daga jerin masu karɓar digiri, aka kafa kwamiti. Mahaifinsa ya riga ya iso. Malam Kalilu ya sake zuwa, wannan karon har Cheras, da ni a matsayin 'yar rakiya. Ya roƙe ta ta je ta ce kuskure ne, ya ce wanda ya rufa asirin wani Allah zai rufa nasa. Ya ƙara da cewa ai Annabi Isa da take bi an san shi da tausayi.

Daso ta yi wata 'yar dariya. "Malam, abin mamaki. Da aka yaga shi ba wanda ya tuna da tausayinsa. Fasto ya zo ya ce in yafe don Yesu, kai ka zo ka ce in yafe don Annabi Isa. Kowa ya san shi ran da yake so in yi shiru. To ku gaya min, ƙarya na kai musu?"

Malam ya ce a'a.

"Shi kuwa ƙarya ya kai."

Abdulwahidu da kansa ya zo ana jibi kwamiti zai zauna. Ina kicin ina taya ta ƙulla tapau na rana. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Iya, na tuba. Sharrin shaiɗan ne. Ki dubi 'ya'yana."

Ta bar shi a durƙushe har ta gama ƙulla leda biyar. Sannan ta ce, "Ka je zauren da ka ɓata ni ka rubuta cewa ƙarya ka yi. Ka kira sunana wannan karon."

Nan take ya ciro waya ya rubuta. Na ji tawa wayar ta yi ƙara a jaka. Ta sa na karanta mata a gabansa, kalma bayan kalma.

"To, Iya, za ki je ki janye?"

"Wa ya ce maka? Wannan haƙƙina ne ka mayar min. Wancan tsakaninka da makarantarku ne." Ta miƙa masa leda ɗaya mai zafi. "Ungo, ka kai wa babanka. Baƙo ne, bai yi min komai ba."

Ya karɓa, don bai san abin da zai yi ba in bai karɓa ba.

Kwamiti ya soke digirin. Kafin wata ya ƙare suka tattara suka koma gida, daga baya muka ji kwalejin da yake koyarwa ma ta sallame shi. Walida ta turo min saƙo mai zafi daga filin jirgi, ta ce Allah ya isa tsakaninta da duk wanda ya sa hannu. Ban amsa ba, don ni na karanta takardun.

Ƙungiyarmu ta rabu biyu a kan Daso. Wasu suka ce ta yi daidai, wanda ya haƙa ramin mugunta shi ya san zurfinsa. Wasu suka ce ramuwar ta wuce gayya, shago ake sake buɗewa amma shekara uku na karatu ba ta dawowa. A cocinsu ma haka. Fasto Obinna ya hana ta jagorantar zumuntar mata har sai ta furta cewa ta yafe. Ta ce ba za ta tsaya gaban Allah ta yi ƙarya don kujera ba, ta koma bencin baya, kuma ba ta fasa zuwa ko Lahadi ɗaya ba.

Ana saura kwana biyu in bar ƙasar na je yi mata sallama. Ta tsufa a 'yan watannin, gwiwa ta fara damunta, hawa jirgi zuwa kasuwa ya zama aiki. Na tambaye ta ko zuciyarta ta yi sanyi yanzu.

Ta leƙa taga ta dubi motocin da ke wucewa a ƙasa. "Ba ta yi ba," ta ce. "Na zaci za ta yi. Amma ko yau aka mayar da ni ranar nan, zan sake ɗaukar kwalin." Ta numfasa. "Ina addu'a a kai. Ban ce a sa in yafe ba tukuna, ban kai nan ba. Ina dai gaya masa yadda abin yake."

Ta cusa min ƙullin yaji da dambun nama a jaka, ta ce in na sauka Kano in nemi motar Malumfashi in kai wa ƙanwarta magungunan hawan jini. Na kai. Har yanzu tana Cheras, hawa na tara, tana tuƙa tuwo ranar Talata da Juma'a da Asabar.